Haƙorin da Ya Daina Ciwo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga babban yaron gidan nan,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata ka sauka lafiya, hanyar Maradun ba ta jijjiga ka da yawa ba, kuma mutanen da aka tura ka koyar da 'ya'yansu sun karɓe ka hannu biyu. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na bakin mutane, ya sa ka shiga garin a sa'a. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ba ta ce in faɗa ba, amma na ga irin ƙullin daddawa da kukar da ta cusa maka a akwati, ai gaisuwar ke nan.

Na san da baffanka Garba ya miƙa maka takardar nan a tasha ka ɗauka saƙon wani ne za ka kai. Taka ce, kuma ni na rubuta. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, ban kuma taɓa kiran sunanka ba, ka san yadda al'adarmu take tsakanin uba da ɗan fari. Kakarka Inna ce ta rene ka, ita ce bakinmu a kanka. In na ga wani abu a jikinka sai in leƙa ɗakinta in ce, “Inna, yaron wurinki awa shina ɗingishi,” ita kuma ta kamo ka ta duba. Da tana raye yau da ban ɗauki alƙalami ba. Da tuni ta ja kunnenka zuwa inda ya kamata, tana tafe tana cewa ita ba ta zama da miji mai giɓi. Allah ya jiƙanta.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Shekaranjiya ina zaure ina feƙe alƙaluma na ji baffanka a tsakar gida yana tambayarka maganar komawa wurin likitan haƙori a Sakkwato. Ka ce masa, “Baffa, ai ya bar ciwo. Mi za ni koma yi? In anka ba da hutu na tahi.” Tun daga lokacin ban zauna wuri ɗaya ba. Na fita bakin titi na dawo, na buɗe littafi na rufe, na isa masallaci ladan bai ko yi alwala ba. Yanzu ma da nake rubutun nan na tashi ya fi a ƙirga, ga tifofin dam suna wucewa suna girgiza mini tawada. Maganar nan da ka yi ni na riga ka faɗinta, ba ragi ba ƙari, kuma kana ganin yadda bakina ya koma.

Baffanka ya ba ni labarin abin da aka yi maka. An huda haƙorinka na gaba ta baya, an zare jijiyar da ta ruɓe, an wanke ramin, an toshe shi da ciko na wucin gadi, an ce ka dawo ranar Larabar da ke biye da kasuwar Mafara ta sama a ƙarasa aikin. Yana faɗa ina gyaɗa kai kamar labarin ɗan maƙwabta ake ba ni, alhali na san kujerar, na san ƙarar injin, har warin maganin na ji a hancina. Kai kana wurin Inna lokacin da nawa ya faru, abin da ka sani kawai wata rana ka gan ni ba haƙora biyu. To bari ka ji yadda aka yi.

Da ruwan dam ya ci tsohon garinmu muka taso Talata Mafara, ba gona a kusa, ba abin yi. Na samu gadin rana a inda ake ajiye siminti da rodi a bakin kanal, babbar hanyar ruwan nan da ake ginawa wajen Bakura, kuma ni nake jan leburori salla. Aikina tsaron ƙofa ne, ba ruwana da inji. Ran nan injin jan ruwa ya ƙi tashi, mai kula da shi ya tafi cin abinci, sai na ce bari in gwada, ai na sha ganin yadda ake juya hannun. Karambanin akuya, gai da kura. Na juya, na juya, injin ya yi tari ya maido hannun ƙarfen ya same ni a baki. Jini kaɗan ne, haƙorin bai ko girgiza sosai ba. Na kurkure baki na koma bakin ƙofata ina addu'a kada kowa ya gani.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma ba a kan haƙori kaɗai ya tsaya ba. Inda za ka, za a ce maka malam, za a ɗauka ka san komai, daga allurar jarirai har gyaran rediyo. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ba a rage wa malami albashi don ya ce bai iya tayar da inji ba.

Bayan 'yan watanni haƙorin ya fara sauya launi, ya yi duhu-duhu, sannan ciwo ya zo. Ba sai na kwatanta maka ba, ka ɗanɗana. Na sa kanumfari, na sa kanwa, na sa garin taba duk da ban taɓa shan ta ba. Sai wani direban tifa da muke shiri da shi, Mamman, ya same ni na tallafe haɓa ya ce, “Malam, wanga ciwo ba a yi mai lallashi. Tsutsa ta ciki. Ruwan batir ɗai ka kashe ta, mu shi muka sawa.” Ya buɗe batirin motarsa ya tsoma auduga ya ba ni, ni kuma da hankalina da karatuna na danna a dasashi. Na ga taurari da rana tsaka. Naman wurin ya yi fari ya saɓule, haƙorin da ke kusa, wanda bai yi wa kowa laifi ba, shi ma ya ci rabonsa. Ciwon kuwa yana nan inda yake, sai ma leɓe da ya kumbura har na kasa rufe baki.

Mamman ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Masu kashe maka haƙori duk masu tausayinka ne. A ƙauyen da za ka, ranar da ka dafa kunci, kafin la'asar za a kawo maka magani kala-kala, kowa da rantsuwar cewa nasa ya warkar da kawunsa. Ka yi godiya, ka karɓa, ka ajiye a taga. Abin da na yarda ka sa a bakinka shi ne ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka kurkure a hankali bayan cin abinci, sai kuma ƙwayoyin da likita ya ba ka. Su ma ka shanye su yadda ya ce. Na gan su jiya a kan tagar ɗakinka, ba su ragu yadda ya kamata ba. Ba leƙe na je yi ba, buta na je nema.

Da kumburin ya kai ido aka sa ni a motar kamfani zuwa Sakkwato. Likitan da na samu ɗan Masar ne, ban sani ba ko shi ne naka. Da ya ji ina jin Larabci sai ya sallami tafinta, muka yi ta fama, shi da Larabcin garinsu ni da na littafi, amma mun fahimci juna sarai, ba zan ce ban gane ba. Ya yi mini irin aikin da aka yi maka. Da ya gama ya riƙe hannuna ya ce, “Ya Shaihu, ciwo zai tafi, amma ba warkewa ba ce. Na cire abin da ke gaya maka akwai ciwo ne. Haƙorin nan yanzu busasshen itace ne, yana tsaye amma ba ruwa a jikinsa. Abin da na toshe da shi ba mai daɗewa ba ne. Ka dawo in cike ramin har ƙasa, in rufe da mai ƙarfi, in ya kama a sa masa hula, a sa. Kafin nan kada ka ciji komai da shi.” Na ce in sha Allahu, har da dafa ƙirji.

Ina fita na nufi tasha, yunwa kamar ta kashe ni, leɓena kuwa allura ba ta sake shi ba, ji nake kamar na wani ne aka ara mini. Na sayi shayi da burodi. Na ƙone leɓen, na tauna shi tare da burodin, ban sani ba sai da mai shayi ya ce, “Malam, jini hwa ka zuba ga rigarka.” In an sake yi maka allura ranar Laraba, ka haƙura da abinci har sai ka ji bakinka ya dawo naka. Yunwar rabin yini ba ta kashe wanda ya saba azumi.

Ciwo ya tafi kamar yadda ya faɗa. 'Yan kwanakin farko wurin yana ɗan tsami in na taɓa, daga baya shiru. Na yi barci, na ci tuwo, na ji duniya sabuwa. Ranar komawa ta zo, sai ga labari wai masu awon gonaki za su zo gonarmu ta tudu, wadda ruwa bai ci ba amma aikin dam zai haɗa da ita, don a yi lissafin diyya. Ka san yadda zaman ya kasance a shekarun nan, kowa kunnensa a tsaye, yau a ce gobe za su zo, gobe a ce sai jibi, kuma kowa na tsoron a zo ba ya nan a rubuta gonarsa da sunan wani. Na ce in na tafi Sakkwato aka zo bayana fa? Mahaifiyarka ta tuna mini, na ce mata, “Ai ya bar ciwo. Mi za ni koma yi? In anka gama awo na tahi.” Ka ji ta ko? Masu awon ba su zo ba sai bayan haƙorin ya riga ya tafi.

Kullum akwai dalili, kuma dalilin mai kyau ne. Nawa awon gona ne, naka sabon aiki ne. Za ka ce kunya kake ji ka nemi izini wurin hedimasta tun ba ka san sunayen yaran ajinka ba. Ka gaya masa ranar da ka isa, tun kafin ka kwance kaya, ka buɗe baki ka nuna masa in ya so gani. Kunyar yini ɗaya ce. Kuma ka dubi sama, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwa ya zauna ka san abin da hanyar nan take zama, mota sai ta kwana a laka. Hutun da kake jira yana bayan damina, cikon da ke bakinka kuwa ba a yi shi don ya ga kaka ba.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Ina muka tsaya? Cikon.

Harshe ba ya barin baƙon abu a baki, kai ma na san naka yana can yanzu. Nawa ya yi ta lasar wurin har na ji gefen cikon ya ɗan yi kaifi. Sai na sa tsinken sakace in gyara. Kullum bayan cin abinci in ɗan taɓa, in ɗan ƙwaƙule, in kuma bi shi da asuwaki da ƙarfi kamar mai wankin tukunya. Wata safiya ina alwala na tofar da wani abu fari kamar tsakuwar shinkafa. Na duba na gane shi, na kuma san abin da ya kamata in yi, amma da yake ba ciwo sai na murza auduga na cusa a ramin na tafi aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tuwo ya shiga, miya ta shiga, wari ya fara, ni kuwa ina ta sauya auduga ina tauna kanumfari don kada na kusa da ni a sahu ya ji.

Kai kada ka bar wanke baki don tsoro, ƙazanta ba ta tsare haƙori. Ka wanke safe da dare da buroshin da aka ba ka, in asuwaki ne ka tauna bakinsa da turamen ciki har ya yi laushi sosai, ka bi wurin a hankali. Gawayi da toka ka bar su. Tsinke kada ya kusanci bayan haƙorin nan. In kuwa cikon ya faɗo, ko ka ga ƙurji a dasashi, ko leɓe ya fara nauyi, ko zazzaɓi ya zo, ko ka ji in ka rufe baki shi yake fara taɓa na ƙasa, to kada ka jira Laraba, kada ka jira kowa. Ka hau ko jaki ne ka fito titi.

Ƙarshen nawa a kasuwar Bakura ya zo. An biya mu, rana ta yi zafi, ga rake an kawo daga fadama, fari ƙal, irin mai ruwan nan. Wallahi ban manta da maganar likita ba, na tuna ta sarai ina riƙe da raken. Sai na ce ai da gefe zan ɓare. Amma hannu da baki sun saba da abin da suka saba tun ina yaro, kafin in ankara na kafa na gaba na ja. Ban ji ciwo ba. Ƙara kawai na ji a cikin kaina, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Haƙorin ya tsage tun daga baki har cikin dasashi, rabi a jikin raken, rabi yana lilo.

Ko a nan da na nufi Sakkwato da wataƙila an ceci na kusa da shi. Kunyar likitan ta hana ni, ina tunanin da wane ido zan dube shi bayan na dafa ƙirji. Na tafi wurin wani wanzami a bayan 'yan shanu. Ya duba ya ce, “Wanga ya mutu, Malam, sai hiddawa. Riƙe mani kai nai,” ya sa wani ƙato ya danne ni. Guntun ya ƙi fita, ya yi ta fama da awartaki yana dogara shi a jikin na kusa, wanda dama ruwan batir ya raunana. Da na tashi daga tabarmar nan biyu na bari a wurin. Ya naɗe mini su a ganye ya ba ni, wai in binne.

Likita ba ya dukan kowa. In ka yi kuskure, ko ka makara, ko ka karya wani abu, ka koma wurinsa da kuskurenka, faɗa kawai zai yi. Na gwammace a yi maka faɗa da Larabcin Masar da a naɗe maka haƙori a ganye.

Yanzu ga abin da ya sa duk wannan ya dame ni, don na san kana cewa a ranka haƙori ne fa kawai, ga tsofaffi nan ba ko ɗaya suna cin tuwonsu. Ka san tun muna tsohon gari ni nake ja wa Malam, babban malamin garinmu, baƙi a tafsirin azumi, ina karanta aya yana fassarawa, da muka taso Mafara ma tare muka taso da wannan. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta, abin da Allah ya ba ni ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗinsa har raina. Azumin da ya biyo bayan raken na zauna a wurina, na buɗe baki na ja basmala, sai na ji iska tana fita ta giɓin da ɗan fito. Na ci gaba. Duk harafin da harshe ke nema wa haƙoran gaba sai ya je ya tarar ba kowa. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai yana jin kunyata.

Da aka tashi Malam ya riƙe ni ya ce, “Malam Umaru, Allah ba shi kama bawa da abin da ba shi iyawa. Ci gaba da jan abinka.” Na ce, “Allah shi gafarta Malam, ni na ji da kunnena.” Na ƙarasa azumin da ƙyar. Na je Gusau aka yi mini haƙorin roba, ya zauna daidai in ina shiru, amma in na ja madda mai tsawo sai ya saki ya biyo numfashi. Yana nan a gwangwani cikin akwatina. Shekarar da ta biyo na ce a nemi wani, ni na koma sahun baya kusa da takalma. In mai jan ya yi kuskure ina ji, in buɗe baki zan gyara, sai in tuna, in rufe.

Kwanakin baya na bi ta bakin dam, na hango itatuwan tsohon garinmu tsaye cikin ruwa, sun bushe, ba ganye. Tsamiyar ƙofar gidanmu na nema ban gan ta ba, masunta suka ce iskar bara ta karya ta. Maganar likitan nan ce ta faɗo mini, na tsaya ina lasar giɓina kamar wawa.

To kai ga abin da ke gabanka. Malamin makaranta a ƙauye ba ya rasa kyauta, kuma kyautar ƙauye duk mai tauri ce. Za a kawo maka rake, da aya, da goruba, da gasasshiyar masara, da ƙuli-ƙuli, dattawa kuma za su miƙo maka goro. Ba a mayar da hannun babba, na sani. Ka karɓa da hannu biyu ka sa aljihu ka ce sai an jima. Na sa maka 'yar wuƙata mai kube a aljihun gefen akwatinka, komai za ka ci ka yanka ƙanana ka tura can turamen ciki. Kafin Laraba ma ka tsaya ga kunu da fura da tuwo mai laushi, ba za ka rame ba. Ko bayan an gama aikin, haƙorin nan ya yi ritaya daga ɓare rake har abada. Kada ka tsinke zare da shi, kada ka kwance ƙulli da shi, kada ka buɗe kwalba don burge yara. Kuma ka daina cizon murfin biro in kana tunani. Kana yi, tun kana aji uku kake yi, ina gani ta ƙofar zaure.

Ina gani. Wannan ita ce magana ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi hana ni zama. Ranar da ka faɗi da keke a gangaren kanal bara, na ga leɓenka a fashe. Na ga lokacin da haƙorin ya fara duhu, na gane launin tun daga nesa, wa zai gane shi in ba ni ba? Na ga ka koma gutsurar ƙosai da gefe, na ga ka fara sa hannu kana rufe baki in za ka yi dariya. Kullum in ce yau zan yi magana, in ka shigo gaishe ni sai in amsa ina kallon bango, ka tashi ka fita. Na je har ƙofar ɗakin Inna sau ɗaya, na tsaya, sannan na tuna ba kowa a ciki. Mahaifiyarka ita ma tana gani, ita ma ɗan farinta ne, muka yi ta kallon juna. Sai da fuskarka ta kumbura baffanka ya dawo daga tafiya ya gan ka, ya sa ka a mota, ya juyo ya ce mini, “Yaya, kuna gida ɗaya da yaro har shi kai haka?” Kunya aba ce mai kyau, da ita aka rene mu, ban ce ka yar da ita ba. Amma in Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka ƙi kiran sunansa in ka so, ka kau da kai in ana yabonsa, sai dai in ka ga ciwo a jikinsa ka buɗe baki a ranar.

Akwai abin da ba ka sani ba. Malam ya ji karatunka ranar saukar yaran unguwa. Bayan sallar Juma'ar da ta wuce ya ce mini a gaban mutane, “Yaron gidanka, azumi mai zuwa shi za ya ja mani baƙi. Muryar tsohon gari ce nij ji.” Na dubi ƙasa na ce, “Wane yaro?” aka yi dariya, aka ce Malam Umaru da kunya. Na dawo gida ban san ta inda na bi ba. Wurin nan da na tashi daga kai, kai ake so ka zauna, kuma da haƙorin nan za ka zauna, wanda ka ce ya bar ciwo.

Saboda haka ga yadda za a yi. Ranar Talata motocin kasuwa suna tasowa daga wajenku, ka biyo ɗaya ka kwana gida. Laraba da safe zan kasance a tashar motocin Sakkwato. Ba zan yi maka magana ba, kai ma kada ka zo ka durƙusa mini a gaban mutane ka sa in rasa inda zan sa idona. Ka shiga gaba, ni zan shiga baya wurin buhunan albasa. Wanda ya tambaye ni ina za ni, zan ce littafi zan sayo. Akwai darbejiya a ƙofar asibitin, a gindinta zan zauna har ka fito. In ka fito ba sai ka ce komai ba, ka dubi wajen da nake ka yi dariya, hannunka a aljihu. Ko leɓen ya karkace don allura ba komai, na daɗe ban gani ba.

In kuwa motar ta cika ban gan ka ba, to zan sauka in shiga ta Maradun. Zan zo har makarantar, in tsaya a ƙofar ajinka gaban yaranka da hedimasta, in kira sunanka da ƙarfi, da wannan bakin nawa mai fito. Ban taɓa kiransa ba tun ranar da aka raɗa maka shi. Kada ka sa in fara a haka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka a kan hanya da bakin ruwa, ya ba ka haƙuri da 'ya'yan mutane, ya sa albarka a karatunka da abincinka. Allah ya bar maka abin da ya ba ka har tsufa, ya maido mana da kai lafiya ranar Talata. Ka gai da hedimasta da mai gidan da aka sauke ka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga zaure, Talata Mafara.